Sulken Kwano

Asabar, 6 ga Yuli, 1811, da hantsi

Yayana Fermín ya ce jiya ce ranar da duniya ta sake. Ya faɗo mana gida muryarsa a dishe, ya ɗaga ni sama kamar wata 'yar goye, yana cewa, "Lala, ba mu da sarki! Majalisa ta yanke. Daga yau Karakas ta 'yan Karakas ce." Har yanzu ƙararrawar coci ba ta huta ba.

Ni kuwa in za a tambaye ni, ba jiya ba ce. Tawa ranar ta riga ta wuce. Ranar idin Yahaya Mai Baftisma ce, ana ta kiɗan ganguna a bakin rafi, ina zaune a ƙofar maƙera da littafi a cinya, Don Anselmo ya shigo yana dogara sanda. Mijina Baltasar ya ajiye guduma, ya cire hula, ya sumbaci hannunsa ya ce, "A sa mini albarka, Baba." Haka yake yi ko sau nawa suka haɗu a yini. Don Anselmo ne ya riƙe shi a wurin baftisma can tsibirinsu na Kanari, shi ya ɗauko shi a jirgi yana yaro, shi ya kai shi koyon ƙira, shi ya tsaya masa ranar aurenmu. A wurin 'yan tsibiri irin wannan uban ya fi wanda ya haife ka nauyi.

Tsohon ya zaro dunƙulen igiyoyi daga aljihu, kowace da ƙulli a bakinta. Ya ce awon ƙirjin wasu mutane ne. Sannan ya juyo gare ni.

"'Yata, miƙo littafin nan da matata Brígida ta ara miki, mai hoton jarumi."

Na buɗe masa shafin da jarumin, Gualberto, ke tsaye a gindin hasumiya, rana tana dukan sulken ƙirjinsa. Ya ɗora yatsa a kai.

"Irin wannan nake so. Na kwano."

Baltasar ya dubi hoton, ya dubi fallayen farin kwanon da yake yin fitilu da mazurari da su. Ya ce, "Baba, wannan ai ko ƙusa aka danna masa sai ta shige, balle harsashi."

"Wa ya yi maka maganar harsashi? Cewa na yi ka yi, ko cewa na yi ka tambaya?"

"Na ji, Baba."

Murna na yi. Gara in rubuta yadda abin yake. Shekara biyu ina auren mai gyaran buta, yau ga sulke a gidana.

Lahadi, 7 ga Yuli, da yamma

Fermín ya ci abincin rana da mu. Baƙin wake da wainar masara. Na ba shi cakulan a kofin da Baltasar ya ƙera masa, mai faffaɗan mariƙi, tun sanda ya dawo daga yaƙin Koro yatsunsa biyu babu.

Yana zama ya fara. "Surukina ɗan tsibiri, yaushe za ka liƙa rawayar masu 'yanci a hularka? Ko sai na ɗinka maka da kaina?"

"Da wanne hannun?"

"Ka ji mugu! Lala, wannan kika aura?"

Suka yi dariya, amma ba ta yi nisa ba. Baltasar ya ture kwanonsa ya ce, "Ina tuna sanda kuke rubuta takardun koke a kan farashin koko da muƙaman da ake ba 'yan Sifen. Kuka ce gyara kawai kuke nema. Bara kuka tuɓe gwamna, kuka ce Sarki kuke riƙe wa ƙasa tunda Faransawa sun tsare shi. Kuka ɗauki bindiga kuka tafi Koro, har lokacin da sunan Sarki a bakinku. Yau kuma ka ce babu shi. Ni dai in na fara buta, buta nake gamawa."

Fermín ya ce, "Mun roƙa a tsaye, mun roƙa a durƙushe. Amsar da aka aiko mana jirage ne suka tare mana bakin teku. Kai ka ga hannun nan? Ba don in koma rubuta koke na bar yatsuna a can ba."

Kujerarsa tana jingine da bangon ƙuryar baya. Bayan bangon nan sulkunan suke, an lulluɓe su da buhuna. Na yi ta ƙara masa wake don kada ya tashi ya zagaya.

Talata, 9 ga Yuli, da rana

An gama su. Baltasar ya tafi kasuwa sayen dalma, ya ce in goge su in naɗe, mai alfadari zai zo ɗauka.

Na goge su da toka da lemun tsami har na ga fuskata a ciki. Na ɗauki ɗaya na kara a ƙirjina na tsaya a tsakar gida. Ba nauyi ko kaɗan. Na rufe ido na ji kamar ana kiran sunana daga saman hasumiya.

Tun aurenmu aikina a maƙera guda ɗaya ne. Duk abin da ya gama, fitila ko moɗa ko mazurari, ni nake ɗora ɗan tambarin ƙarfe in buga masa alamar kifi. Yakan ce hannunsa ya fara, nawa ya rufe. Yakan kuma tsokane ni wai kifina kullum a karkace yake fita, kamar mai neman hanyar komawa teku. Waɗannan bai buga musu ba, ina jin mantuwa ya yi don gajiya. A littafi kowane sulke da alamar mai shi, ba a fita da shi tsirara. Na buga wa kowanne ɗan kifinsa daga ciki, wajen da zai kwanta a kan zuciya. Ban gaya masa ba. Ina so in ga fuskarsa ranar da za a ce wane ne ya yi wannan kyakkyawan aiki.

Mai alfadarin ya zo, ya ɗora buhunan gawayi a kansu, ya tafi da su.

Laraba, 10 ga Yuli, da safe

Na kai wa Doña Brígida littafi na biyu. Littattafan a cikin gangunan fulawa suke zuwa shagon mijinta daga tsibirin Kurasawo, shi ya sa kullum suke ƙamshin burodi. Ita ta fara ba ni su bayan rasuwar Mama, sanda na daina magana da kowa.

Na biyun ya tsaya a mugun wuri. An kama Gualberto, masoyiyarsa Armelinda ta rantse masa ba za ta buɗe baki ba ko za a yanka ta, aka fita da shi, shi ke nan littafi ya ƙare.

Na ce, "Don Allah, Iya, shirun nata ya cece shi?"

Ta ce, "Ji 'yar nan! In gaya miki, me za ki karanta? Na ukun yana wurin matar likita, kuma ita da yatsa take bin layi. Ki yi haƙuri. Kuma dubi nan, ɗigon cakulan ne wannan ko idona ne?"

Don Anselmo yana kwance a ciki, ƙafarsa ta tashi. Ta ce ko taka ƙasa ba ya iyawa.

Alhamis, 11 ga Yuli, da rana tsaka

Ana gudu a titi. Baltasar ya rufe maƙera, ya zauna a kan uwar maƙera.

Alhamis, da yamma

An wuce da 'yan tsibirin da aka kama ta ƙofarmu. A ƙasa, ɗaure da igiya ɗaya, alfadaransu a baya yara na ja. An ce a filin bayan gari suka fito suna kiran sunan Sarki da na Budurwa Maryamu, suka nufo bariki. Ba su kai ba. Mutanen unguwa ne suka tare su.

Na leƙa ta tsagar taga. Na san wasunsu, masu shaguna ne da masu sayar da kayan miya, akwai wanda nake sayen albasa a wurinsa. Rana tana dukan ƙirjinsu kamar yadda take a hoton. Sai dai duk sun lotse. Ba harsashi ba ne ma, duwatsu ne. Wani nasa ya tsage, bakin kwanon ya shige masa haƙarƙari, yana tafe yana riƙe da shi kamar mai riƙon jariri.

Toka da lemun tsami na sa.

Juma'a, 12 ga Yuli, da hantsi

Fermín ya riga sojojin shigowa. Bai gaishe ni ba. Ya ajiye sulke ɗaya a kan teburin aiki, ya kifa shi, ya nuna da ragowar yatsunsa.

"Gaya mini ba naka ba ne. Ko ƙarya ce ka gaya mini, in san abin da zan je in faɗa. Kifin nan yana gindin kowace fitila a garin nan, har ta ofishin alƙali. Wane irin wawa ne zai sa hannu a kan wannan?"

Baltasar ya sunkuya ya duba. Ya daɗe yana dubawa. Ya shafa shi da babban yatsa, yadda ya karkace. Ya ɗago ya dube ni sau ɗaya.

Ya ce, "Nawa ne. Ni na buga."

Na buɗe baki. Ya ce, "Eulalia, ɗauko mini hulata." Bai taɓa kirana da cikakken sunana ba sai a coci.

Na ɗauko masa hular. Suka tafi da shi.

Asabar, 13 ga Yuli, da yamma

Ban hura wuta ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, da yamma

An karanta takardar 'yanci a babban dandali. Maƙwabta suka ja ni, suka ce matar ɗan tsibiri in ba a gan ta a wurin ba za a yi magana. An ɗaga sabuwar tuta, rawaya da shuɗi da ja. Kyakkyawa ce, ba zan yi ƙarya ba. Wani tsoho baƙar fata a kusa da ni ya yi ta kuka yana tambayar ko da su a ciki, ba wanda ya amsa masa. Na hango Fermín a layin sojoji, haɓarsa sama. Da Mama tana nan da ta yi alfahari da shi.

Na hango wani kuma, mijin Iya Brígida. Ƙafar ta sauka, yana tsaye ba sanda. Rawayar da ke hularsa ta fi ta kowa faɗi.

An yi shela kowane gida ya rataye fitila a taga. Tun kafin rana ta faɗi suka fara fitowa da su. Duk inda na juya aikin hannunsa ne. Tagarmu kaɗai ba komai, mu da muke da su jibge a maƙera.

Talata, 16 ga Yuli, da safe

Daga dandali ake jiyo ƙarar bindigogin masu zartar da hukunci. Na toshe kunnuwa da matashi, na ƙi ƙirgawa.

Talata, da rana

Baltasar ba ya cikin waɗanda aka kashe. Fermín ya faɗa mini ta taga, ya wuce. Mai alfadarin yana ciki.

Laraba, 17 ga Yuli, da yamma

An bar ni na kai masa abinci. Na dama masa gofiyo, garin gasasshiyar alkama irin na tsibirinsu, da madara da mazarƙwaila. Ban taɓa iya shi daidai ba, kullum ko ya yi ruwa ko ya yi dutse. Mai gadi ya jujjuya shi da tsinin wuƙa kafin ya bar ni in shige.

Ɗakin yana wari kamar rijiyar da aka daina sha. Gemu ya fito masa. Ya ɗanɗana ya ce, "Sarauniyar takarda, yau kam da wannan ya kamata mu yi sulken. Ba dutsen da zai fasa shi."

Na yi dariya, daga nan na kasa tsayawa, ta koma wani abu.

Na ce, "Kifin..."

Ya ce, "Wane kifi? Kin shayar da tsuntsuna? Kin rufe buhun gawayi? Ruwa yana shiga ta kusurwar nan."

Maganar da muka yi ke nan. Tsuntsu da gawayi.

A littafi in mace ta shiga kurkuku wurin mijinta, akwai abin da take faɗa mai tsawon shafi biyu. Na san shi da ka. Ko kalma ɗaya ba ta zo mini ba.

Juma'a, 19 ga Yuli, da rana

Fermín ya zo ya zauna a kujerarsa. Ban ba shi cakulan ba, shi ma bai nemi kofin ba.

Ya ce, "Lala, saurare ni da kunnen manya, ba na masu karatu ba. Ba shi suke so ba. Kowa ya san maƙeri ba ya tashi haka kawai ya yi sulke. Wanda ya ba da aikin suke nema. Waɗanda aka kama daga hannun mai alfadari suka karɓa, shi kuma ya tafi da bakinsa a rufe. Saura mijinki. In ya faɗi suna, korarsa za a yi daga ƙasar, ya hau jirgi da ransa. Na samu wannan alkawarin daga bakin wanda ke da ikon yi. In bai faɗa ba, shi ne mai aikin, shi ne mai ba da shi."

Na ce, "Yaya, kai fa ka san shi. Ko kaza ba ya iya yankawa."

"Na san shi. Kullum sai na je na yi masa magana, sai ya tambaye ni ko hannun yana damuna da sanyin nan. Mutanen Balensiya sun tayar, su ma da sunan Sarki. Majalisa a tsorace take, mai tsoro kuma ba ya jira." Ya dube ni. "Ke kina zaune a ƙofar maƙerar nan kullum. Hancinki a littafi yake, amma kunnenki ba a ciki yake ba."

Na ce ban san komai ba.

Ya ce, "Tun kina ƙarama in za ki yi ƙarya sai kin taɓa ɗan kunnenki."

Na sauke hannuna.

Lahadi, 21 ga Yuli, bayan an fito coci

Na je shagon mijin Iya Brígida. Ya shigar da ni ciki inda ake ajiye gangunan fulawa, ya rufe ƙofa. Na durƙusa na ce, "A sa mini albarka, Baba," don ban san wata hanyar farawa ba. Ya ɗora mini hannu a ka.

Na ce, "Baba, ɗanka ne. Kai kaɗai za ka iya fito da shi."

Ya ce, "Yi a hankali, bangon nan siriri ne." Ya zauna a kan ganga. Ya tsufa a kwanakin nan, fatar wuyansa ta saki. "Kin san a jirgi zazzaɓi ya kama shi? Matuƙa suka ce a jefa shi teku kada ya shafa wa mutane. A bayana na goya shi har muka ga ƙasa. Ni za ki gaya wa ɗana ne?"

"To ka je ka faɗa musu."

"In na je, ni da shi ne duka, yarinya. Ba ki san mutanen nan ba. Ki ba ni lokaci. Balensiya ta tashi, jiragen Sarki suna hanya, kafin a yanke masa komai garin nan ya juye. Da kaina zan buɗe ƙofar kurkukun."

"Yaushe, Baba?"

"Ba da daɗewa ba."

Ya naɗe mini curin mazarƙwaila a ganye ya ce in kai masa, yana son ta tun yana yaro. Na karɓa. Har godiya na yi. Hular tana rataye a ƙusa bayan ƙofa, rawayar tana kallona.

Litinin, 22 ga Yuli, da safe

Ruwa. Ya shiga ta kusurwar, gawayi ya jiƙe. Ban hura wuta ba.

Talata, 23 ga Yuli, da yamma

Na fita neman madara na bi ta hanyar tashar jirgi ta La Guaira ba da nufi ba. An kafa sanda a bakin hanya, an rataye keji a kai. Ban ɗaga kai ba. Na ga inuwarsa a ƙasa, da ƙudaje. Wata mata ta ce wa 'yarta, "Ai kan mai albasa ne."

Na dawo ba madarar.

Laraba, 24 ga Yuli, da rana

Na kai masa mazarƙwailar. Ya gane naɗin ganyen tun kafin in yi magana. Ya sumbace shi.

Ya ce, "Kin je wurinsa."

"Na je. Ya ce jiragen Sarki suna hanya."

Ya yi murmushi, irin wanda yake yi in an kawo masa butar da ba za ta gyaru ba. "Tun ina yaro jiragen nan suke hanya."

"To ka faɗa mana, Baltasar! Ka san ba zai zo ba. Yana can da rawaya a hula yana auna wa sojoji fulawa."

"Tsoro yake ji. Tsoho ne. In na ba da shi, a keji za su sa kansa a bakin hanya, Iya Brígida ta riƙa wucewa ta ƙarƙashi in za ta kasuwa. Da wane bakin zan ƙara neman albarka a wurin wani? A tsibirinmu wanda ya yi haka ko karnuka ba sa bin sa."

"Ni fa? Ta ƙarƙashin wa zan riƙa wucewa?"

Ya kamo hannuwana ta tsakanin ƙarafan, ya matse har suka yi zafi.

"Lala, ban taɓa hana ki komai ba. Kin ƙona mini wake kina karatu, na ci. Abin da ya wuce ma ban tambaye ki ba, ba kuma zan tambaya ba. Amma wannan na hana ki. In sunan nan ya fita daga bakinki, ko sun sake ni, ba ni ba ke. Zan hau jirgin ni kaɗai, ba zan waiwayo ba. Kin ji ni?"

Na ce na ji.

"Ki rantse."

Mai gadi ya buga ƙofa ya ce lokaci ya yi. Ban rantse ba. Ina jin bai lura ba. Ko ya lura.

Alhamis, 25 ga Yuli, da hantsi

Doña Brígida ta zo. Ta dubi murhu, ta tuɓe mayafi ta nemo busasshen itace ta hura wuta. Ta dafa mini cakulan, ta tsaya a kaina sai da na shanye. Ta warware mini kitso ta taje, kamar yadda ta yi ranar da aka binne Mama.

Tana tajewa tana magana. "Shekara arba'in ban taɓa kwana maigidana ba ya gefena ba. Munsharinsa kamar ana jan ganga a kan dutse, amma in babu shi ba na iya barci. Ba ya cin abinci yanzu. Yakan zauna ya yi ta kiran sunan yaron nan." Tsinken ya tsaya a kaina. "Ban san me ke tsakaninsu ba, 'yata. Ban tambaya ba, ba na kuma son in sani. Ke yarinya ce mai hankali."

Da za ta tafi ta zaro shi daga ƙarƙashin mayafi. Na uku. Ta ce matar likita ta gama da ƙyar. Ta ce in riƙe, ba sai na dawo da shi ba, in ɗiga masa cakulan yadda nake so.

Yana kan tebur. Har nan nake jin ƙamshin fulawa.

Juma'a, 26 ga Yuli, da yamma

Fermín zai tafi Balensiya ranar Litinin da ƙarin sojoji. Ya ce kafin su tashi alƙalai za su share sauran shari'un. Ya ce shi ne yake ta mayar da takardar Baltasar ƙasa, in ya tafi ba mai mayarwa.

Ya ce, "Ni na sa hannu a 'yancin nan da jinina, kuma zan sake sawa. Amma ban yi don a rataye mutumin da ya ƙera mini kofi ba. Litinin da sassafe zan biyo ta nan. In kin fito, mu tafi tare wurin alƙalan. In ba ki fito ba, ba zan ƙwanƙwasa ba."

Ya nemi kofin yau. Ya ce zai tafi da shi.

Asabar, 27 ga Yuli, da safe

Na ɗauki littafin na ajiye. Na sake ɗauka. Na san in na buɗe shafin ƙarshe zan ga shirun Armelinda ya cece shi. Ko wani baƙo ya iso a kan doki, ko sarki ya yi afuwa, ko su mutu tare a binne su a kabari ɗaya furanni su tsiro. Duk na san su. Babu wanda a cikinsa akwai ƙudaje.

Asabar, da rana

Tsuntsunsa ya ci. Na toshe kusurwar da tsumma da guntun kwano. A karkace, amma ruwa ya daina shiga.

Lahadi, 28 ga Yuli, da yamma

A coci Fada ya yi addu'a, inda ya saba ambaton Sarki ya yi tari ya wuce. Doña Brígida ta matsa mini wuri a bencinsu. Na zauna a baya.

Na yi ta tunanin jirgin. Zai tsaya a can gaba da hularsa, bayansa ne kawai zan gani daga bakin ruwa. Na san shi, in ya ce ba zai waiwayo ba, ba zai waiwayo ba. Zai sauka a wani gari, ya nemi rumfa, ya fara yin fitilu. Wani ne zai riƙa buga masa kifin, ko ya buga da kansa, a miƙe. Zai tsufa yana ƙina. Zai tsufa.

Na yi tunanin Iya Brígida da hanyar kasuwa. Wannan ban samo masa amsa ba, ba na kuma jin zan samo.

Na naɗe littafin a farin ƙyalle, ban buɗe shi ba. Na kai ƙofar shagon sanda suke hutun rana, na ajiye a kan dakali na dawo. Na goge baƙin mayafina, na ɗaure masa kayan aikinsa a buhu, guduma da almakashi da ɗan tambarin, don zai buƙace su a can.

Gobe da sassafe zan fito in bi Fermín. Zan faɗa musu Don Anselmo ne.